Manaja A Tsakiyar Surukai

Masu bibiyar labarina, sannunku da haƙuri. Na ga saƙonninku, har da na baiwar Allahn nan da ta tambaya wai ko Kamilu ya gudu ne shi ya sa na yi shiru. Bai gudu ba, yana nan da hularsa. Wuta ce babu, mai cajin garinmu kuma ya rantse tunda fetur ya zama abin da ya zama, ba zai ƙara tada janareto ba sai ranar kasuwa.

Ga wadda ta shigo yau, sunana Zulaihatu, daga wani ƙauye a gefen Bagwai. Na gama kwalejin Bici, na jira aikin koyarwa har takardata ta ɗauki ƙanshin akwati, sannan na haƙura na kama aiki a kamfanin gyaran wake na Alhaji Nababa da ke bakin titi. Kamfani dai sunansa kamfani, amma rumfar kwano ce doguwa, da sito biyu, da ɗan ofis mai fanka ɗaya. Ana kawo wake daga siton Alhaji da ke kasuwar Dawanau da gonakin kusa, mata su sheƙe, su tsince tsakuwa da ruɓaɓɓe, a ɗura a buhu a tura kudu. Ni ce mai duba aikin kafin a ɗinke buhu. Matan sun kai arba'in, kusan duk 'yan garinmu, kuma cikinsu har da mahaifiyata, Inna Hure. A wannan shekarar da kwanon gero ya fi ƙarfin mai gona, tsintar waken nan ce take ɗora tukunya a gidaje da yawa, har da namu.

Kamilu kuwa shi ne manaja. Ɗan Bici ne, dogo, mai son farin yadi da hula zanna, mutum mai haƙuri kamar me, sai dai Allah ya jarrabe shi da son takarda. Ya karanto a wani wuri cewa kamfani ba ya ci gaba sai ana jin shawarar ma'aikata, shi ke nan ya sa kafinta ya ƙera akwati, aka shafa masa koren fenti, aka rataya masa kwaɗo, aka kafe shi a ƙofar rumfa. Na gaya masa rabin matan nan ba sa rubutun boko. Ya ce ba komai, zai riƙa kiran taro, a faɗa da baki.

Da baki kuwa da ana faɗa masa. Kafin abin da zan ba ku labari, matan nan ba sa raga masa. Su ce masa manajan gayu, su ce takalminsa ya fi gabansa sheƙi, ya yi dariya ya rama. Da an bar shi a haka, da shawara sai ya ture.

To, sai abubuwa biyu suka haɗu a sati ɗaya. Na farko, an dawo wa Alhaji da tirela guda ta wake daga kudu. Mai saye ya ce warin maganin ƙwari ya yi yawa, ba zai karɓa ba. In kuma ba a zuba maganin ba, kafin wata biyu waken ya huje ya zama gari. Alhaji ya zo ransa a ɓace, ya ce wa Kamilu nan da Alhamis ta sama ya kawo masa hanyar ajiye wake ba guba ba ƙwaro, in babu zai rufe rumfar ya ba da hayar sitocin, kowa ta koma gidanta. Na biyu, a Asabar ɗin satin ne magabatan Kamilu suka kawo gaisuwa gidanmu.

Wallahi na ce masa ya ɗaga zuwa bayan Alhamis. Ya turo mini saƙo wai alheri ba a sa masa rana biyu. Ni kuma, kada in yi muku ƙarya, ban matsa ba, don ina so. Baffanninsa uku suka zo da goro da alewa, Babanmu Malam Sama'ilu ya saka babbar rigarsa ta Sallah, bakinsa har kunne. Daga ranar kuwa ba ya cewa Kamilu, sai dai surukina manaja. A masallaci surukina manaja, a wurin mai shayi surukina manaja, har da mai gyaran keke sai da ya ji. Ni ina ɗaki cikin atamfata mai ruwan goro da zanen ganye, na sha lalle, ina leƙe ta labule ina jin kamar in yi tsalle. Da yamma aka raba alewar gida gida kamar yadda aka saba.

Abin da ni da shi ba mu lissafa ba shi ne, duk matar da ta sha alewar nan ta zama suruka. A garinmu babu bare. Wadda ba gwaggota ba ce, yayar Inna ce, wadda ba ita ba kuma ita ta yi mini wanka ina jaririya ko ta goya ni.

Ranar Litinin Kamilu ya kira taro a rumfa. Ya zo da allo da alli, ya rubuta SHAWARA da manyan baƙaƙe, ya juyo da murmushinsa. Abin da ya gani shi ne mayafai arba'in. Kowa ta ja nata ta rufe fuska, wasu sun ba shi baya gaba ɗaya suna kallon bango. Ya yi bayanin tirelar, ya yi bayanin Alhamis, ya ce duk mai dabara ta faɗa, ba babba ba yaro. Shiru, sai kukan wata akuya a bayan sito. Ina tsaye a gefe ina ƙifta masa ido ya sallami mutane, shi kuwa ya ɗauka ƙarfafa masa gwiwa nake yi. Sai ya matsa gaba, cikin ladabi har da ɗan rusunawa, ya ce:

"Inna Hure, ke kin daɗe a harkar nan. Me kika gani?"

Jama'a, ya kama sunan surukarsa a bainar mutane. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Inna ta ajiye faifanta a hankali, ta gyara mayafi, ta fice ta ƙofar baya. Sauran suka bi ta ɗaya bayan ɗaya, aka bar manaja da allonsa.

Kafin azahar saƙonsa ya shigo. "Zulai, don Allah me na yi musu?"

Na rubuta masa, "Kai ka aika musu alewa."

"To ai abin arziki ne."

"Shi ne ya sa. Wa ka taɓa gani tana musayar magana da mijin 'yarta?"

Ya daɗe yana rubutu yana gogewa, ina gani, sannan ya turo, "Na shiga uku." Na yi dariya ni kaɗai a bayan buhuna, amma dariyar ba ta kai ciki ba, don na san Alhaji ba ya magana biyu.

Talata ya buɗe akwatin shawararsa da ɗan sauran sa rai. Ya samu ɓawon goro ɗaya da wata 'yar takarda da aka rubuta da ajami. Ya kawo mini da sauri in karanta masa, yana zaton an dace. An rubuta, Allah ya sanya alheri.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na san inda amsar take. A gidanmu take, a ƙarƙashin gadon Inna. Tun shekarar da ƙwaro ya cinye mana wake kaf, Inna ta ƙirƙiro wata dabara tata, kuma daga lokacin ba mu ƙara cin hujajjen wake ba. Na sha ganin jarkoki a jere, bakinsu ɗaure da baƙar roba, amma ban taɓa sanin yadda take yi ba. Za ku ce in tambaye ta mana. Ni 'yar fari ce. Inna ba ta kama sunana, ba ta zama hira da ni, in za ta aike ni ma sai ta kalli wani wuri ta ce a gaya wa yarinyar nan. Ba ƙi ba ne, kunya ce irin tasu, kuma da ita na tashi. Naman miya mafi girma kullum a kwanona yake, amma ba a taɓa faɗa da baki ba.

Duk da haka na gwada. Da la'asar tana tsakar gida tana gyaran kuka, na zauna a bakin turmi na ce, kamar da iska nake, ko yaya ake hana wake ƙwaro. Ta watsa wa kaji tsaki ta ce musu wasu mutane dai karatu ya yi musu yawa, abin da ba ya son iska sai zuba masa guba suke yi. Na ce to yaya ake hana shi iskar. Ta ce wa kajin yaran yanzu ba su da ta ido. Ta ɗauki rariyarta ta shige ɗaki.

Ina nan zaune na yi tagumi sai ga Kaka ta yi sallama. Iya Maijidda ke nan, mahaifiyar Inna, tsohuwa mai ƙaramin jiki da babban baki, wadda take sayar da dafaffen rogo da ƙuli a ƙofar kamfani. Tana shigowa ta fara, wai ina mijinta, tun da aka kawo goro bai zo ya gaishe ta ba, ai kowa ya san ita ya gani yake so, ni 'yar rakiya ce. Ta ce gobe sai ta kama hular nan tasa ta ji dalili.

Na ɗago na kalle ta. A duk garin nan, mace ɗaya ce alewar Kamilu ba ta rufe wa baki ba. Tsakanin kaka da mijin jikarta wasa ne, tana iya faɗa masa duk abin da ta ga dama, shi ma ya rama. Kuma Inna ita ce autar Kaka, babu abin da ba sa faɗa wa juna.

Na ja ta zaure na zayyana mata komai. Ta ce ita ba ta aikin banza. Na ce zan yi mata kitso wata guda. Ta ce biyu, kuma ban da ja mata gashi.

Laraba da safe na roƙi Kamilu abu ɗaya, ya shiga ofis ya rufe ƙofa, kada ya leƙo ko da rumfar ta kama da wuta. Kaka ta shigo da farantin rogonta ta baje a tsakiyar mata, ta fara zagin manaja, wai yaro ya tara mutane da alli kamar 'yan aji ɗaya, shi da bai san wake ba sai a cikin shinkafa. Aka kwashe da dariya, mayafai suka sauka. Daga nan fa baki ya buɗe. Hannu na tsinta, baki na aiki, kowa tana faɗin abin da ya daɗe yana ci mata tuwo a ƙwarya. Gwaggo Luba ta ce yaya za a yi wake ya zauna lafiya ana jingina sabon buhu da tsohon da ya riga ya huje. Wata ta ce kwanon sito na biyu yana yoyo ta kusurwar gabas tun bara, ta sha gani amma ba a tambaye ta ba. Wata kuma ta ce tsofaffin buhunan da ake sake ɗurawa a ciki, ai da ƙwansu suke dawowa. Inna ba ta ce komai a cikin taro ba. Sai da aka tashi sallar azahar na hango ta ta ja Kaka bayan sito, suna magana ƙasa ƙasa, tana nuna wasu tsofaffin durorin man gyaɗa da Alhaji ya jibge a can tun da ya bar waccan sana'ar.

Bayan salla Kaka ta banka ƙofar ofis ba sallama, ni ina biye da ita. Ta zauna a kujerar baƙi, ta ce masa ya ɗauko biron nan da yake taƙama da shi. Ta jero masa shawarwarin ɗaya bayan ɗaya, kowacce da rankwashinta. Ya cika shafi uku. Da ta zo kan ta Inna sai ta sassauta murya.

"Ka shanya shi a rana tsaka, sai ya yi ƙas a haƙori. Ka ɗura shi a wankakken duro busasshe, ka cika shi fal har baki, kada ka bar wurin da iska za ta zauna. Ka rufe, ka naɗe bakin da robar tayar keke. Ƙwaro ma numfashi yake yi, angona. In ka toshe masa, shi da ƙwansa sun gama."

Kamilu ya ajiye biro ya ce ai ya taɓa karanta irin wannan a makaranta, da wasu buhuna na musamman ake yi, tsadarsu ce ta sa bai kawo wa Alhaji maganar ba. Bai taɓa kawo durorin nan a ransa ba, alhali kullum ta gabansu yake wucewa. Kaka ta ce ai shi ya sa ta ce ya aure ta, ya ƙi.

Ranar Alhamis na saka doguwar rigata ruwan toka da farin mayafi, na yi addu'a ta fi a ƙirga. Alhaji Nababa ya iso da hantsi, ko zama bai yi ba ya ce ina hanya. Kamilu ya karanta masa shawarwarin, yana faɗa yana cewa wannan daga ma'aikata ta fito, ko ɗaya bai ce tasa ba ce. Na ji daɗin wannan har cikin raina. Alhaji ya ce duk ya ji, amma shi ɗan kasuwa ne, ba ya sayen magana. Sai ga Kaka ta taho da jarka a ka, tana tafe tana mita wai an mayar da ita 'yar dako. Waken bara ne, na gonar Baba. Aka yanke robar, aka zazzage a faifai a gaban kowa.

Alhaji ya tsoma hannu ya juya, ya juya. Ya ɗebo ya shinshina. Ya jefa ƙwaya ɗaya a baki ya ciza, muka ji ƙas. Ya sa aka kawo masa kujera, ya zauna da faifan a cinya yana neman mai huji ɗaya, bai samu ba. Can ya ce a wanke durorin nan yau, a kira mai gyaran kwano gobe, rumfa kuma tana nan. Gwaggo Luba ta manta da surukuta ta rangaɗa guɗa, sannan ta tuna ta ja mayafi.

Ni dai a nan na so a tashi. Amma Alhaji ya tambaya dabarar wace ce. Kaka ta ce ta autarta ce, Hure. Ya ce to daga yau ita ce shugabar ajiya, ita za ta ce wannan ya bushe wannan bai bushe ba, kuma kowace safiya ita da manaja za su zaga durorin tare, ta gaya masa abin da ta gani. Ya faɗi abin da zai ƙara mata, wanda na san zai kai mu har kaka ba tare da Baba ya sayar da tunkiya ba.

Inna tana can ƙarshen rumfa, fuska a rufe. Ta raɗa wa Kaka magana, Kaka ta dawo, wannan karon babu wasa a bakinta. Ta ce Hure ta gode, Allah ya ƙara arziki, amma ba za ta iya tsayawa kafaɗa da kafaɗa da surukinta kullum ba, a ba wata. Alhaji ya karkaɗe rigarsa ya ce shi ba ya zuba dukiyarsa a duro sai mai dabarar tana tsaye a kai, domin in aka rufe da danshi ko yaya, duka zai ruɓe. Ya ce su daidaita kafin Asabar. Na kalli Kamilu, yana kallon takalminsa.

Na koma gida. Inna ta hura wuta ta ɗora waken jarkar nan, ba ta ce wa ko kaji komai ba. Na san tana son aikin. Na ga yadda ta tsaya tana kallon durorin da ake wankewa kafin mu taho, har ta ɗaga hannu za ta gyara wa masu wankin, ta sauke.

Rana ta kusa faɗuwa wayata ta yi ƙara.

"Zulai, na bi Alhaji har mota. Na ce ya mayar da ni siton Dawanau in riƙa karɓar kaya, Gwaggo Luba ta riƙa zagawa da Inna, ke ki riƙa turo rahoto. Ya yarda."

Na rubuta, "Mai karɓar kaya fa? Ka san ba kujerar manaja ba ce."

"Na sani. Ni allo na kawo, ita ta kawo wake. Wanda ya fi sanin aikin shi ya kamata ya zauna."

Na karanta sau uku. Ban taɓa son bawan Allahn nan kamar lokacin ba, kuma ba na jin kunyar faɗa muku. Na fito tsakar gida, na tsaya kusa da madafa, na karanta saƙon da ƙarfi ina kallon kaji. Ludayin Inna ya tsaya a cikin tukunya. Ta sa gefen zani ta goge ido, ta ce itacen nan ɗanye ne.

Ba mu ankara ba sai ga Baba ya shigo, ko buta bai ajiye ba. Ashe direban Alhaji ya riga ya kai labari wurin mai shayi.

"Ina yarinyar nan? Me nake ji a gari, wai manaja ya sauka ya koma ƙirga buhu a Dawanau? Ni manaja na ba 'yata."

Na buɗe baki zan fara bayani. Sai na ji Inna ta rufe tukunya. Matar da ko ranar da aka kawo goro ba ta sa baki a maganata ba, ta ɗauko tabarma ta shimfiɗa a gabansa.

"Malam, zauna ka ci waken nan tukuna," in ji ta. "Maganar yaron nan, ni zan yi maka ita."